Kartar Karfi da Kartar Kamfani: Wane Ne Mai Ikon Sake Doka?

Gabatarwa

Mai yiwuwa ne wasu daga cikin malamai da ɗalibai su ga cewa karta ba ta kai matsayin da za a ɓata mata takarda a mujallar Sashen Hausa ba, tun da yake a idon Bahaushe karta ƙanwar caca ce, ɗan karta kuwa ba a ba shi aure sai an yi dogon bincike. To, amma wasa wani reshe ne na al'ada, kuma duk wasan da jama'a suka daɗe suna yi, lalle za a tarar sun zuba masa harshensu da tunaninsu da irin yadda suke sasanta rikici a tsakaninsu. Saboda haka manazarcin al'ada ba shi da hujjar kau da kai daga tabarmar 'yan karta.

Manufar wannan maƙala ita ce ta kwatanta karta iri biyu. Ta farko ita ce Whot, wadda samari ke bugawa a gindin itace da bakin shaguna a garuruwa irin su Karfi ta Ƙaramar Hukumar Malumfashi a kudancin Jihar Katsina, ba Karfin Kura ta Jihar Kano ba. Ta biyu kuwa ita ce wadda za a kira kartar tari a nan, watau irin wadda kamfanonin Amurka da Japan ke bugawa, wadda ba ta da iyakar yawan kati, sai dai mai wasa ya yi ta saye yana tarawa, kamfani kuma ya yi ta fito da sabon zubi tare da sababbin dokoki. Ra'ayin da za a kare shi ne cewa sauyin doka iri biyu ne: akwai wanda ke fitowa daga masu wasa, akwai kuma wanda ke fitowa daga mai sayar da kayan wasa. Na farkon yakan raya wasa ya mai da shi na 'yan gari. Na biyun kuwa yakan mai da mai wasa ɗan haya a cikin abin da ya saya da kuɗinsa. Wannan iri na biyu ya riga ya iso ƙasar Hausa ta cikin wayar hannu, don haka ya kamata a san shi tun bai yi jijiya ba.

Asalin karta da zuwan Whot

Karta baƙuwa ce, sunanta ma baƙo ne. Masana tarihi sun nuna cewa a ƙasar Sin aka fara ta, ta bi ta Misra a zamanin Mamluka, kana ta shiga Turai a wajejen shekarun 1370. Ita kartar nan mai kati 52 ta daɗe ba ta sake kama ba, domin katin da aka ƙara mata wanda ya zauna shi ne joka, shi ma a wajejen shekarun 1860 ya ɓullo a Amurka. Watau a cikin ɗaruruwan shekaru kayan wasan suna nan yadda suke, wasannin da ake yi da su ne suka yi ta yawaita, kowace ƙasa da nata.

Whot kuwa 'yar bayan nan ce. Wani Bature mai suna William Henry Storey ne ya ƙago ta a Ingila, aka yi mata rajista a 1935, daga baya kamfanin Waddingtons na birnin Leeds ya ci gaba da buga ta. A can ƙasarsu ta yi tashe ta lafa, amma a Nijeriya sai ta sami gindin zama, har ta zama kamar 'yar gida. Kwalinta yana ɗauke da kati 54. Akwai masu da'ira 12, da masu kusurwa uku 12, da masu gicciye 9, da masu kusurwa huɗu 9, da masu tauraro 7, sa'an nan da katin Whot guda 5 masu lamba 20. Lambobin suna tashi daga 1 zuwa 14, amma babu 6 babu 9. Dokar asali mai sauƙi ce: mutum ya ajiye katin da ya dace da na ƙasa ta wajen zane ko ta wajen lamba, in ba shi da shi ya ɗauki ɗaya daga tarin da ke kife, wanda ya riga kowa ƙarar da na hannunsa shi ya ci. Katin Whot yana hawa kan kowane kati, mai shi kuma ya nemi zanen da yake so. In an zo ƙirga, tauraro ninki biyu ake lissafa shi.

Yadda masu wasa suka sake dokar Whot

Abin lura shi ne, Whot ɗin da ake bugawa a Karfi da Malumfashi da Funtuwa ta wuce wannan doka nesa. 'Yan Nijeriya sun ɗora wa wasu lambobi aiki na musamman. Wanda ya saki 1 ya tsai da kowa ya sake saki. Wanda ya saki 2 ya sa na gaba da shi ɗaukar kati biyu, 5 kuma uku. Lamba 8 takan tsallake mutum ɗaya, 14 kuwa takan tura kowa kasuwa, watau kowa ya ɗauki kati ɗaya ban da mai sakin. In saura kati ɗaya a hannun mutum, wajibi ne ya faɗa, in ya yi shiru a ci shi tara. Waɗannan dokoki su ne gishirin wasan, domin su ke sa mutum ya riƙe kati yana jiran lokacin da zai fi yi wa abokin karawarsa ciwo.

Har ila yau, dokokin ba ɗaya suke ba a ko'ina. A wata majalisa, in aka sakar wa mutum 2 yana iya karewa da tasa 2, nauyin ya wuce kan na gaba ya zama huɗu. A wata majalisar kuwa babu kariya. Wasu ba su yarda 5 ta yi aiki ba sam. Wasu sun hana a tashi wasa da katin Whot ko da wata lamba mai aiki, wasu sun yarda. Saboda haka ne baƙo in ya zauna a kan tabarmar da ba tasu ba, kafin a raba kati sai ya tambayi yadda ake yi a nan. Wannan tambaya kaɗai ta isa ta nuna inda ikon doka yake: yana hannun waɗanda ke zaune a kan tabarmar.

Ta fuskar harshe ma akwai abin dubawa. Kalmomin wasan daga Ingilishi suka zo, amma bakin Bahaushe ya sarrafa su yadda ya saba sarrafa kalmar aro. Ana jin "fik tu" da "cek of", inda sautin leɓɓa na Ingilishi ya koma "f" tun da Hausa ba ta bambanta su ba. Ana jin "janar maket" da "las kad", kuma a gefe guda ana jin "je ka kasuwa", wanda fassara ce tsantsa. Zanen da'ira ya zama "bol", mai kusurwa huɗu ya zama "kafet". Ɗalibin da ke neman misalin yadda Hausa ke haɗiye baƙuwar kalma, ga shi nan a ƙofar gidansu.

Babban abin da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne, duk wannan sauyi bai sa kowa ya sayi sabon kati ko ɗaya ba. Kwalin da uba ya yi wasa da shi, in bai yage ba, ɗansa zai iya wasa da shi yau. Kati 54 ɗin nan na kowa ne a lokacin wasa, daga tari ɗaya ake raba wa ɗan mai kuɗi da ɗan ƙwadago, kuma ba wanda zai zaro wani kati daga aljihunsa ya ce nasa ya fi ƙarfi don ya fi tsada.

Kartar tari da yadda take

A shekarar 1993 wani masanin lissafi ɗan Amurka, Richard Garfield, ya ƙago wasan Magic: The Gathering, kamfanin Wizards of the Coast ya buga shi. Sabon abin da ya zo da shi shi ne, babu tari ɗaya na kowa da kowa. Kowane mai wasa yakan zo da nasa damin, wanda bai gaza kati 60 ba a gasar da aka fi yi, kuma shi ne zai zaɓo su daga cikin abin da ya mallaka. Kowane kati da irin aikinsa a rubuce a jikinsa, wani ma yakan soke dokar wasan ta asali muddin yana ƙasa. Katunan kuwa a ƙunshi ake sayar da su a rufe, mai saye bai san abin da ke ciki ba sai ya yage. Wasu katunan an buga su da yawa, wasu kaɗan ƙwarai da gangan, kuma sau da yawa a cikin masu wuyar samun nan ne ake dacewa da masu ƙarfi.

Kafin shekarar ta ƙare, a watan Disamba 1993, kamfanin ya fito da zubin ƙari na farko, wanda ya sa wa suna Arabian Nights, aka gina shi a kan hikayoyin Dare Dubu da Ɗaya waɗanda masu karatun Hausa suka sani. Tun daga nan ba a tsaya ba. Kowace shekara sai an yi zubi da dama, har yawan katunan wasan masu suna daban-daban ya haura 20,000. Wasu kamfanoni suka bi sawu: kartar Pokémon ta fito a Japan a 1996, ta Yu-Gi-Oh! ta kamfanin Konami a 1999. A 1999 ɗin ne kuma kamfanin Hasbro ya saye Wizards of the Coast, kuma a 2022 cinikin Magic na shekara ya haura dala biliyan ɗaya.

Tambayar da ta dace a nan ita ce, me zai sa wanda ya riga ya tara kati dubu ya sake sayen wani? Amsa ita ce doka. Kamfanin ya tsara babbar gasarsa ta yadda katunan 'yan shekarun baya-bayan nan kaɗai ake yarda da su. A da, bayan kimanin shekara biyu kati yakan fita daga wannan gasa. A 2023 aka mai da wa'adin shekara uku. Katin yana nan garau a hannun mai shi, bai yage ba, bai koɗe ba, amma an rufe masa ƙofar wannan fage. Wanda ke son ci gaba da shiga sai ya nemi sabon zubi.

Sabon zubi da sabuwar doka

Misalai kaɗan za su nuna yadda abin ke gudana. A 1995 kamfanin ya sake buga wasu tsofaffin katuna masu wuyar samu a zubin da ya kira Chronicles. Nan take darajar waɗanda ke hannun mutane ta faɗi, masu tari suka yi ca a kansa. Don ya lallashe su, a 1996 sai ya fitar da jerin katunan da ya yi alkawarin ba zai sake bugawa ba har abada. Sakamakon haka, waɗannan katuna suka yi tsadar da yaro mai tasowa ba zai iya taɓa su ba. An gyara wa masu tari, an ɓata wa masu wasa.

A 2017 kamfanin Konami ya kawo sabon nau'in kati a Yu-Gi-Oh! tare da dokar da ta taƙaita wuraren da ake ajiye wasu manyan katuna na da, sai fa in mutum ya buɗe musu hanya da sabon nau'in. Ma'ana, tsohon dami ba ya aiki sosai sai an sayo masa sabon mabuɗi. Bayan shekara uku, a watan Afrilu 2020, aka sassauta dokar. A wannan watan ne kuma Magic ta fito da zubin Ikoria, mai ɗauke da katuna 10 da aka ba su wata sabuwar doka: mai wasa yana iya ajiye ɗaya a gefe, ya jawo shi lokacin da ya so, kamar ya fara wasa da kati ɗaya fiye da kowa. Katunan suka mamaye gasa, mutane suka yi rububin saye, kuma a ranar 1 ga Yuni 2020 kamfanin ya sake dokar, ya ɗora wa jawo katin farashi a cikin wasa. Abin da ke rubuce a jikin katin da mutum ya saya ya daina zama gaskiya cikin dare ɗaya.

A cikin watan Yuni 2020 ɗin nan ne kamfanin ya haramta wasu tsofaffin katuna 7 saboda zane ko sunan da ke cin zarafin wasu al'ummu. Ɗaya daga cikinsu sunansa Jihad, daga zubin Arabian Nights na 1993. Haramcin ya yi daidai, amma abin tunani shi ne an shafe shekara 26 da ɗoriya ana wasa da kalmar addinin wasu mutane a matsayin kayan nishaɗi, kuma sa ta da cire ta duka a ofis ɗaya aka yanke su.

Misali na ƙarshe ya fi kowanne nuna inda iko ke komawa. Akwai wani salon buga Magic da ake kira Commander, wanda masu wasa ne da kansu suka ƙago shi, kuma wani kwamiti na 'yan sa-kai ne ke kula da dokokinsa. A ranar 23 ga Satumba 2024 kwamitin ya haramta katuna huɗu, cikinsu har da masu tsada irin su Mana Crypt da Jeweled Lotus. Farashinsu ya rushe, waɗanda suka yi asara suka shiga zagin 'yan kwamitin da yi musu barazana, kuma cikin mako guda kwamitin ya miƙa ragamar salon ga kamfani. Watau ko dokar da masu wasa suka haifa da kansu, da kuɗi suka yi yawa a cikinta, sai ta suɓuce musu.

A kwatanta wannan da abin da ya faru da Uno, wata karta mai kama da Whot wadda aka ƙago a Amurka a 1971. A 2019 masu ita suka sanar cewa doka ba ta yarda a ɗora katin "ɗauki biyu" a kan na "ɗauki huɗu" ba. Jama'a suka yi dariya suka ci gaba da yadda suka saba. Dalili kuwa shi ne kwalin Uno cikakke ne tun ranar saye, kamfani ba shi da wata igiya da zai ja. Inda kayan wasa suka cika, maganar kamfani shawara ce; inda ba su da iyaka, maganarsa hukunci ce.

Abin da ya haɗa Karfi da wannan batu

Mai karatu zai iya cewa ai babu shagon da ke sayar da Magic a Karfi, don haka ina ruwan biri da gada? Amsa ita ce tsarin ya iso ko da takardar ba ta iso ba. Wasannin ƙwallon ƙafa na waya da na kwamfuta da samari ke bugawa a kan wannan tsari aka gina su. Kamfanin EA ya shigo da shi cikin wasansa na FIFA tun 2009, inda 'yan ƙwallo suka zama katuna da ake samu a cikin ƙunshi rufaffe. Konami, mai Yu-Gi-Oh! ɗin nan, ya mai da wasansa na ƙwallo eFootball a 2021, ana sauke shi kyauta, amma manyan katunan 'yan wasa ta hanyar ƙuri'a ake samunsu, kuma ana sayar da sulallan jefa ƙuri'ar da kuɗi na gaske. Lokaci-lokaci sai a fito da sababbin katuna da suka fi na baya ƙarfi, a kuma gyara yadda wasan ke tafiya. Yaron da ya yi kwana uku yana cirar auduga ko ɓarar masara a gonar wani, yana iya zuba ladan a cikin wannan rami, kuma bayan 'yan watanni abin da ya samu ya zama tsohon yayi.

Manoman wannan yanki sun san irin wannan ciniki ta wata fuska. Tun da aka kafa Shirin Bunƙasa Noma na Funtuwa a tsakiyar shekarun 1970 da tallafin Bankin Duniya, noman masara da takin zamani suka yaɗu, daga baya kuma iri mai aure ya shigo. Kowane manomi ya san cewa irin gargajiya ana ɗebe shi daga rumbu a shuka baɗi, amma mai aure in aka maimaita shi amfaninsa raguwa yake yi, sai an koma wurin mai sayarwa kowace damina. Whot irin rumbu ce, kartar tari kuwa mai aure ce. Sai dai akwai bambanci: mai sayen iri yana samun ƙarin buhuna a madadin kuɗinsa, mai sayen sabon kati kuwa abin da yake samu shi ne izinin ci gaba da zama a inda yake zaune jiya.

Sa'an nan ga batun ƙunshi rufaffe. Bahaushe ya daɗe da hana cinikin biri a sama, kuma malaman fiƙihun Malikiyya sun yi bayani a kan cinikin garari, watau sayen abin da ba a san ainihinsa ko yawansa ba. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ake karantawa a zaurukan malamai, ya kawo wannan babi. Haramcin caca kuwa a fili yake a Suratul Ma'ida, aya ta 90 da ta 91. Ba a ƙasashen Musulmi kaɗai aka lura da haka ba. Ita kanta Magic da farko akwai dokar da ta sa kowane mai wasa ya ajiye kati ɗaya, wanda ya ci ya kwashe, amma aka kawar da ita daga gasa don gudun dokokin caca. Saudiyya ta hana kartar Pokémon a 2001, kuma caca na cikin dalilan da aka bayar. Hukumar kula da caca ta Beljiyam ta yanke a 2018 cewa ƙunshi rufaffe da ake saye da kuɗi a cikin wasannin kwamfuta caca ne, har kamfanin EA ya daina sayar da sulallansa a ƙasar a farkon 2019. Abin mamaki shi ne, dattijon da zai kori yara in ya gan su da Whot ko da babu ko kwabo a ƙasa, shi ne zai wuce yaron da ke jefa ƙuri'a da kuɗi a waya bai ce uffan ba, saboda bai ga takarda ba.

Hujjojin ɗaya ɓangaren

Adalci ne a saurari masu kare kartar tari. Hujjarsu ta farko ita ce sabon zubi yana hana wasa tsufa, domin in kayan wasa ba su sakewa, gwanaye za su gano hanya ɗaya mafi kyau, kowa ya bi ta, daɗi ya ƙare. Akwai gaskiya a nan, kuma ba a musun cewa tsara dami aiki ne na basira. To, amma dara ta isa amsa. Gurbi 30 ne, kowane ɓangare da 'ya'ya 12, burin kowa ya jera uku ya ci ɗaya na abokin karawa, kuma kakanni da jikoki sun yi ta ba tare da an ƙara gurbi ko ɗaya ba. Sabuntar dara daga kan abokin karawa take fitowa. Wasan da ba ya rayuwa sai an yi masa ƙarin kaya duk bayan wata uku, ya kamata a tambayi ko don masu wasa aka tsara shi haka ko don mai sayarwa.

Hujja ta biyu ita ce dole a sami hukuma ɗaya mai gyara doka, in ba haka ba gardama ba za ta ƙare ba, kuma ba za a iya shirya gasa tsakanin gari da gari ba. Wannan ma gaskiya ce, kuma kowa ya san yadda musu a kan 2 da 5 ke tashin majalisa. Sai dai matsalar ba ta samuwar alƙali ba ce, ta wane ne alƙalin. In mai yanke hukunci shi ne mai buga katin, shi ne kuma mai cin ribar sayar da shi, to ko da niyyarsa tana da kyau, aljihunsa yana gefe ɗaya na sikeli. Zai saki kati mai ƙarfi ya sayar, in ya ɓata wasa ya haramta shi, asara kuwa ta mai saye ce.

Hujja ta uku daga gida take fitowa: me ya sa za a yabi Whot alhali ita ma ana caca da ita, kuma tana cinye lokacin samari? Wannan maƙala ba ta zo don ta halatta abin da malamai suka yi magana a kansa ba. Risalar da aka ambata ma ta tsananta a kan wasu wasannin zaune. Cacar Whot caca ce, kuma dokar shari'a da Jihar Katsina ta ƙaddamar a 2000 ta hau kanta. Abin da ake nunawa shi ne, a Whot mutane ne ke shigo da caca daga waje, ana kuma iya buga ta babu kuɗi. A kartar tari kuwa sa'a da kuɗi suna cikin hanyar mallakar kayan wasan tun daga tushe.

Abin da ya kamata a yi

Da farko, akwai aiki a kan ɗaliban wannan sashe. Dokokin Whot da na dara da kalmominsu a ka suke, kuma wayar hannu tana janye samari daga tabarma. Akwai ma manhajojin Whot na waya, waɗanda kowacce ke zuwa da dokar da mai tsara ta ya zaɓa, kuma in aka daɗe a kansu bambancin majalisa da majalisa zai shafe. Ya kamata ɗaliban da suka fito daga Karfi da Malumfashi da Ƙafur da Bakori da Funtuwa su yi amfani da hutun rani su rubuta yadda ake yi a garuruwansu: wace lamba ke aiki, me ake ce mata, wane ne ke raba gardama, wane irin zambo da kirari ake yi in an ci. Wannan ya isa kundin neman digiri, kuma zai amfani mai nazarin karin harshe da mai nazarin al'ada baki ɗaya.

Na biyu, iyaye da malaman makaranta da masu wa'azi su san cewa karta ta sake kama. Tambayar da za a yi wa yaro ita ce ko wasan da ke cikin wayarsa yana neman kuɗi don a buɗe masa abin da bai san ko mene ne ba. In haka ne, hukuncinsa a wurin malamai ya kamata a nema, kamar yadda aka nemi na cacar wuri a da.

Na uku, in Allah ya sa wasu masu fasaha suka tashi ƙago kartar Hausa, mai ɗauke da sarautu ko sana'o'i ko taurarin tatsuniya irin su Gizo da Ƙoƙi, to su sayar da ita cikakkiya a kwali ɗaya, mai saye ya san abin da ya saya, su kuma bar wa majalisu damar ƙara nasu gishirin.

Kammalawa

An ga yadda Whot ta zo daga Ingila da kati 54, 'yan ƙasa suka sake mata doka ba tare da sun ƙara kati ba, har ta zama tasu. An kuma ga yadda kartar tari ta haura kati 20,000, amma ko ɗaya daga cikin masu sayenta ba shi da tabbacin cewa katin da ke hannunsa yau zai yi aiki gobe. Masu iya magana sun ce in kiɗa ya sake rawa ma sai ta sake, kuma ba laifi ba ne wasa ya sake. Abin tambaya shi ne wa ke riƙe da gangar, kuma nawa ake biyansa duk lokacin da ya juya kiɗan. Muddin samarin Karfi ne ke tambayar baƙo ya bi yadda ake yi a garinsu, wasan nasu ne. Ranar da suka koma jiran sanarwa daga wani ofis a Amurka ko Japan kafin su san ƙarfin abin da ke hannunsu, sun zama masu zanen aro, wanda aka ce ba ya rufe katara.